Ambulan Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Ni ba likita ba ce, kada wani ya tare ni a hanya ya ce in duba masa gwiwa. Aikina takarda ne. Shekara ashirin da uku ke nan ina zaune a ɗakin fayil na sashen ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai kuka, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa jefar da takarda ba. Maigidana yana tsokanata wai har takardar da aka ƙunso mana ƙusoshin labule ranar da muka tare tana nan a ajiye. Bai yi ƙarya ba, tana nan.

Likitan da nake wa aiki, marasa lafiya suna kiransa Likitan Katantanwa. Rayuwarsa kakaf a kan ciwo ɗaya ta ƙare, wato ciwon karkarwa, wanda a littafi suke kira Fakinsan. Mutane sun ɗauka sai hannu ya yi rawa ne ake da shi. Ba haka ba ne. Wani ko kaɗan ba ya karkarwa, jikinsa ne kawai zai yi nauyi, takunsa ya gajarta, fuskarsa ta daina motsi, rubutunsa ya riƙa ƙanƙancewa kamar ana yi masa rowar takarda. Lokacin da Likita ya buɗe sashen nan, ɗaki ɗaya aka ba shi da benci ɗaya. Sau uku manyan asibitoci suna nemansa yana ƙin tafiya, wai wa zai bar wa mutanensa.

Duk wanda ya zo ganinsa, abu biyu zai yi kafin ma a tambaye shi me ke damunsa. Na farko, ya bi wani layin fenti mai ruwan ɗorawa a baranda, taku goma ya dawo, Likita yana tsaye bakin ƙofa yana kallo. In mutum ya tsargu ya fara tafiyar soja, sai Likita ya ce, "A'a, Baba, yi tafiyarka ta komawa gida." Na biyu, ya zauna gaban tebur. Likita zai ɗauki farar takarda ya yi zane a samanta, ya faro daga tsakiya yana kewayawa yana buɗewa kamar bayan katantanwa, ya ce, "Kamar haka." Sannan ya miƙa wa mutum biron ya yi nasa a ƙasa. Daga nan takardar ta zo hannuna. In sa almakashi in raba ta biyu, rabin ƙasa ya shiga fayil, na sama kuma, a ƙa'ida, kwandon shara. To ni da kwandon shara ba ma shiri. Nakan rubuta kwanan wata a bayansa in jefa a kwali. Kwalaye goma sha bakwai ne yanzu a saman kabad.

Ta hanyar mahaifiyata na san shi. Shekara biyu muna yawon asibitoci da ita, ana cewa tsufa ne, ana ba ta maganin ciwon gaɓoɓi. Ranar da na kawo ta wurinsa, ko zama ba ta yi ba ya ce, "Mama, tun yaushe hannun hagu ya daina rakiya?" Ashe in tana tafiya na dama ne kawai ke lilo, na hagu yana rataye, mu da muke kwana ɗaki ɗaya da ita ba mu taɓa lura ba. Ya sa ta a magani, ta samu shekara shida tana ɗaura ɗankwalinta da kanta. Bayan ta rasu na zo maida katinta, na tarar da fayil-fayil zube a ƙasa har bakin ƙofa. Haushi ya kama ni, na ajiye jaka na hau shiryawa ba wanda ya sa ni. Ya fito ya tsaya yana kallona, can ya ce, "Malama, gobe ƙarfe nawa za ki iya zuwa?" Har yau Malama yake ce mini. Ni kuwa ina son mutumin nan kamar yayana, duk da cewa kafin abin da zan ba ku labari sau biyu tak ya taɓa ce mini sannu da aiki.

Shekara goma sha biyu da suka wuce ya fara babban bincikensa. Ya zaɓi marasa lafiya saba'in, duk sababbin kamu, kowane wata uku su zo su yi zane, shi kuma ya sa rula ya auna faɗin katantanwar. Arba'in ne suka kai ƙarshe. Abin da ya gano shi ne, a shekaru takwas na farko zanen yana ƙanƙancewa a hankali, amma daga nan sai ya rufta, kusan kowa a lokaci guda. Ya ce ashe ciwon yana da wata kwana da yake sha a shekara ta takwas, in an san da ita sai a sauya wa mutum magani kafin ya iso wurin. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na lokacin ba, har biskit ya sayo wa nas-nas. Saura wata bakwai ya yi ritaya, wannan binciken kuwa shi ne abin da zai bari a bayansa.

Mujallar likitocin da ya aika wa ta ce ta ji, amma da sharaɗi. A kawo zanen masu lafiya ashirin, su ma na shekara goma sha biyu, a cakuɗa da na marasa lafiya, a cire sunaye, a ga ko zai iya rarrabewa. Wannan bai ba mu tsoro ba, don tun farko ya sa 'yan rakiya, mazaje da mata da 'ya'ya, suna yin zane sau ɗaya a shekara. Su a ɗakina suke yi, a farar takarda, ba mai nuna musu, ai sun gani har sun gaji. Na zazzage fayil na ƙirga waɗanda suka cika shekara goma sha biyu cif, na samu goma sha tara. Na sake ƙirgawa, goma sha tara dai.

Nan ne na yi wayon da har in mutu ba zan manta ba. Na ɗaga kai na ga kwalayena, na ce yo wa ya fi Likita lafiya a ginin nan? Mutumin da ko mura ba ta kwantar da shi? Na hau kujera na sauko da su, na zaɓi zanensa ɗaya daga kowace shekara. Na yi wa na kowa da kowa kwafi a na'ura don tawada ta zama iri ɗaya, na zuba a ambulan sittin, na bi su da lambobi a hargitse. Nasa ya faɗa a arba'in da ɗaya. Sunayen kuwa suna cikin wata baƙar rajista da ni kaɗai ke riƙe da makullin durowarta. Har daɗi na ji, na ce na huta da neman mutum na ashirin.

Litinin da Talata da rabin Laraba ya yi a kulle, daga shi sai ambulan da rula da gilashin ƙara girma. Da rana tsaka ran Laraba ya miƙo mini takarda mai layi sittin, na zauna a gabansa da rajista ina bi ina sa alama. Daidai, daidai, daidai. Mutumin nan ya san aikinsa, wallahi. Da na iso arba'in da ɗaya sai na ga ya rubuta, "Mai ciwo. Ya fara shekara huɗu da suka wuce. Hannun dama." Dariya ta kusa kuɓuce mini.

"Hamsin da tara cikin sittin, Likita," na ce. "Ɗaya ka kuskure."

"Wanne?"

"Arba'in da ɗaya. Cikin masu lafiya yake."

Ya jawo ambulan ɗin, ya baje zanen goma sha biyu a tebur, ya kalle su bai fi minti ɗaya ba.

"Ban kuskure ba, Malama. Dubi nan. Santimita tara, tara, tara, har shekara takwas. Sannan takwas, bakwai, shida, biyar. Dubi yadda layukan suke matsewa. Wannan mutumin ba shi da lafiya." Ya cire tabarau ya ajiye. Ransa ya ɓaci, kuma da kansa yake fushi. "Ɗan rakiya ne ko? Shekara huɗu yana shiga yana fita ta ƙofar nan, yana turo wani a keken marasa lafiya, ni ina tsaye ban gan shi ba. Wane irin likita ne wannan? Kira shi. Gobe ƙarfe goma sha biyu."

Na buɗe baki zan ce masa ai naka ne, yau ka faɗa tarko. Ya ɗaga hannu.

"Kada ki gaya mini ko wane ne. In na san suna idona zai yi son kai. Ina so in ga tafiyarsa tukuna. Jumma'a za mu aika wa mujalla amsa."

Ya miƙe ya fita zagayen ɗakunan kwanciya. Na leƙa ta ƙofa, har lokacin da sauran dariya a bakina, na bi shi da kallo a baranda, a kan layin nan mai ruwan ɗorawa da ya tsufa yana sa mutane bi. Hannun hagu yana lilo. Na dama yana rataye a gefen farar rigarsa. Nan take dariyar ta ɗauke.

Abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Da can, in na shafa turare ya shigo ɗakin fayil, sai ya yi atishawa ya ce, "Malama, asibiti ne nan." Shekara biyar ke nan bai ce ba, ni kuwa na ɗauka na ci nasara ne. Ashe jin ƙanshin ne ya tafi, kuma shi da bakinsa ya koya mini cewa sau da yawa shi ke fara tafiya. Ya daina sa riga mai maɓalli. Sa hannunsa ya ƙanƙance har ofishin shugaban asibiti ya taɓa dawo mana da wasiƙa, muka ɗora wa biro laifi. Fuskarsa kuwa, nas-nas sun daɗe suna gulmar wai tsufa ya ƙara wa Likita ɗaure fuska.

Na kulle ɗakina na zauna. Sai kuma na tuna mahaifiyata a gaban teburinsa, ta ɗan cije harshe, tana kallon zanensa tana kallon nata. A hanyar gida takan tambaye ni, "Nawa ya kai nasa girma?" Ita a wurinta jarrabawa ce, abin da malami ya yi shi ake kwaikwaya. Haka kuwa dukkansu suke, ya ce kamar haka, su yi kamar haka. Na sake hawa kujera. Na ɗauko na sama ina haɗawa da na ƙasa, takarda talatin na gwada daga shekarun baya-bayan nan, bakin yanka yana haɗuwa da bakin yanka. Inda nasa ya yi santimita bakwai, nasu yana biye da shi. Inda ya koma biyar, su ma sun matse. Kwanar nan ta shekara ta takwas, wadda ya sayo biskit a kanta, ta yiwu ba ta cikin ciwon mutum arba'in. Ta yiwu a hannunsa take shi kaɗai.

Na kwashi takardun na nufi ofishin Ƙaramar Likita. Sunan ne kawai ya bi ta tun tana ɗalibarsa, amma yanzu furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta, kuma ita za ta gaji sashen. Na baje mata goma sha biyun, na gaya mata na waye. Ba ta yi mamaki ba, abin da ya ƙona mini rai ke nan.

"Shekara biyu ke nan da na lura, Anti," ta ce a hankali.

"Shekara biyu! Kika zuba masa ido?"

"Na taɓa gwadawa. Na ce, Malam, kafaɗar nan ta dama tana damunka ne? Ya ce in je a sake mini tabarau. Ke ma kin san shi. Ta yaya zan ce wa wanda ya koya mini kallon tafiya ya bi layi in kalle shi?"

"Da baki mana, kamar yadda kike ce wa iyayen wasu."

Ta sunkuyar da kai. Sannan na jera mata na sama da na ƙasa. Wannan kam ba ta sani ba. Ta daɗe tana kallo, ta ɗauki rula ta auna uku, ta ajiye. Sunanta ne na biyu a kan binciken, ita ma shekara goma sha biyu ta zuba a ciki.

"Inna lillahi," ta ce. "Wa kika nuna wa?"

"Ke kaɗai."

"Anti, in wannan ya fito ba abin da ya rage masa. Ga ciwo, ga aikin ya rushe, duk rana ɗaya?"

Ba ta ce in ɓoye ba, ba ta kuma ce kada in ɓoye ba. Ta dai tattara takardun ta miƙo mini da sauri kamar masu zafi.

Da yamma na kasa cin abinci, maigidana ya matsa mini sai da na gaya masa. Shi mai gyaran agogo ne, komai a wurinsa yana da ɗan sukurun da za a juya.

"Abu mai sauƙi," ya ce. "Rajista a hannunki take. Ki ce arba'in da ɗaya ya tashi daga garin, ba a san inda ya koma ba. Ki cire shi, a aika da goma sha tara. Bawan Allah ya yi ritayarsa da mutuncinsa, bayan wata bakwai matarsa ta kai shi wani asibitin."

"Su kuma waɗanda za a sauya wa magani a shekara ta takwas saboda takardarsa fa?"

"Ke likita ce?"

"Ni 'yar mara lafiya ce," na ce, na kwashe kwanukan tun bai gama ba.

Amma kada in yi muku ƙarya, shawararsa ta shiga raina. Washegari da safe har na ɗauki biro na buɗe rajistar. Layi ɗaya kawai zan ja. Abin da ya hana ni ba wata jarumta ba ce. Shekara biyun nan na tuna, da muka yi da mahaifiyata ana ce mana tsufa ne, da yadda na tsani duk likitan da ya kalle ta ya yi shiru. Na rufe rajistar, na ɗauko sabon katin marasa lafiya, na cike shi da sunansa da shekarunsa, na sa a aljihu.

Ranar Alhamis benci ya cika kamar kullum. A ƙarshen layi akwai wani tsohon direban jirgin ƙasa mai son surutu, yana cikin arba'in ɗin nan tun ranar farko. Ƙarfe goma sha biyu daidai Likita ya fito bakin ƙofa ya dubi benci.

"Lamba arba'in da ɗaya!"

Mutane suka kalli juna. Ya sake kira. Na taso daga ɗakina da ambulan a hannu da kwali ɗaya a ƙugu.

"Bai zo ba?" ya tambaye ni.

"Ya zo, Likita. Mu shiga ciki."

Na rufe ƙofa. Ban iya dogon bayani ba, don haka na yi abin da na iya. Na ɗauko zanen ƙarshe na ambulan ɗin, na ciro asalinsa daga kwali na ajiye kusa da shi. Sannan na ɗauko rabin ƙasa daga fayil ɗin tsohon direban, na tura shi sama har bakin yanka ya haɗu da bakin yanka, takarda ta koma guda.

"Masu lafiya goma sha tara na samu," na ce. "Ni na cike na ashirin da na sama. Laifina ne, ban tambaye ka ba."

Ya kalli takardar. Ya juya ta ya karanta kwanan watan da na rubuta a baya. Ya ɗora hannunsa na dama a tebur yana kallonsa, ya haɗa babban yatsa da manuni, ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, kamar yadda yake sa mutane. Sau biyar na farko lafiya lau. Daga nan buɗewar ta riƙa raguwa har yatsun suka tsaya. Ya gwada na hagu, ya yi ashirin ba gargada.

"Na ce kafaɗa ce," ya ce. "Na ce wa matata katifa ce."

Na tsaya ina jiran ya rufe ni da faɗa. Da ya yi, da na fi samun sauƙi. Sai na ga idonsa ya sauka daga zanen sama zuwa na ƙasa, ya koma sama, ya sake sauka. Ya miƙa hannu ya ɗauki rula. Wannan ba sai na gaya masa ba, shi ma ya gano. Ya auna nasa, ya auna na direban. Ya ce in ba shi wasu, na ba shi goma. Ya auna duka, yana sa lambobi a gefe da ɗan mitsitsin rubutun nan nasa.

"Takarda nawa na fara musu a shekara huɗun nan?"

"Ɗari shida da goma sha ɗaya."

"Kina da na saman duka?"

"Duka."

"Ai dole," ya ce, ya yi wani ɗan sauti da ban sani ba ko dariya ce. Ya jingina da kujera ya rufe ido. Tausayinsa ya kama ni, hawaye ya zubo mini, na bar shi ya zuba don ba ni da hankici.

"Likita, a asibitin nan ba wanda ya sani sai ni da Ƙaramar Likita," na ce. Har yau ban san me ya sa na faɗa ba. Wataƙila hanya nake so in ba shi, in ga ko zai bi.

Ya buɗe ido ya harare ni, harara ta gaske irin ta da.

"Malama, hamsin da tara kika ce na ci. Ki gyara, sittin ne." Ya turo mini takarda da biro. "Rubuta wa mujalla. Ki ce mun janye shekara huɗun ƙarshe. Mai nuna zanen ya kamu da ciwon da yake aunawa, marasa lafiya kuwa shi suke kwaikwayo. Ki rubuta haka ɓaro-ɓaro, kada ki yi masa kwalliya. Takwas ɗin farko suna nan, ba su faɗi wani abin a zo a gani ba, amma gaskiya ne. Kuma a buga katantanwa ɗaya a na'ura, daga yanzu ita kowa zai riƙa gani."

"Ka tabbata?"

"Kin ce arba'in da ɗaya ya zo. Ina katinsa?"

Na ciro daga aljihu na ba shi. Ya duba ya ce na ƙara masa shekara ɗaya, na ce ban ƙara ba. Ya tashi ya cire farar rigar, hannun dama ya ɗan maƙale, na yi kamar zan taimaka na fasa. Ya rataye ta a ƙusa. Har ya kama ƙofa ya tsaya, bai juyo ba ya ce, "Sannu da aiki, Malama." Na uku ke nan a shekara ashirin da uku.

Dokarsa ce ba a tsallake layi, ya taɓa sa wani babban mutum ya yi awa uku a bencin nan. Don haka ya wuce mutum bakwai da suka rage, ya zauna a ƙarshe kusa da tsohon direban, katinsa a gwiwa.

"Likita, yau hutawa ake yi?" in ji direban.

"Layi nake bi, Baba."

Direban ya kalli katin, ya kalli hannun, ya kalli fuskar. Shekara goma sha biyu yana fama da ciwon, ya san shi fiye da ɗalibai da yawa. Ya matsa ya ba shi wuri sosai.

"To, sannu da zuwa," ya ce. "Maganin safe, kada ka sha shi da madara. Kai ka gaya mini."

Ƙaramar Likita ce ta ga sauran mutanen. Sai wajen ƙarfe biyu da rabi layi ya iso kansa. Ta fito bakin ƙofa, ta ce ya bi layin fenti. Ya miƙe ya tafi yana wurga hannu biyu kamar ɗan fareti. Ta girgiza kai.

"A'a, Malam," ta ce. "Yi tafiyarka ta komawa gida."

Ya tsaya cak, ya ba mu baya. Sannan ya ci gaba, hannun dama a rataye, ƙafar dama tana ɗan sharar ƙasa. Da ya cika taku goma, juyowar kaɗai sai da ta ci masa taku huɗu.

A ciki ta zauna a kujerarsa, shi ya zauna a ta marasa lafiya. Ba a buga ta na'urar ba tukuna, don haka ta ɗauki farar takarda ta yi nata zanen a sama, babba, ya cika rabin shafi. Ta kasa cewa kamar haka, ta dai tura masa takardar da biron. Ya yi nasa a ƙasa, ya ɗauki rula da kansa ya auna.

"Shida," ya ce. "Naki nake ƙoƙarin kamowa, kin gani ko?"

Ya miƙo mini takardar. Na sa almakashi na raba ta. Na ƙasa na zura a ambulan mai lamba arba'in da ɗaya, ya zama na goma sha uku. Na tsaya da na sama a hannu.

"Wannan fa, Likita? Kwandon shara?"

"Yaushe kika fara jefar da takarda?" ya ce. Ya dubi Ƙaramar Likita a kujerarsa, ya daɗe yana dubanta. "Sa kwanan wata. Ki buɗe mata ambulan, duk shekara ta yi ɗaya. Ranar da kika ga ya fara matsewa kuma, kada a jira shekara huɗu."

Na koma ɗakina na buɗe baƙar rajista, na rubuta sunanta a layi na sittin da ɗaya.